FASHIN BAƘI: Yadda ake raba guraben manyan jami'o'i, da matsayin ɗalibin Funtuwa a cikin rabon

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarabawarta, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidajen Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja da Ɗandume: da wannan makin, yaro zai samu ABU? Makin shi kaɗai ba ya amsa tambayar. Samun gurbi a jami'ar da ake rububi ya rataya ne a kan makin JAMB, da sakamakon WAEC ko NECO, da tantancewar jami'a, da kwas ɗin da aka zaɓa, da kuma jihar da ɗalibi ya fito. Wannan bayani ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda ake rububin

Babu ƙarancin jami'o'i a Najeriya idan sunaye ake ƙirgawa. A watan Agustan 2025, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce jami'o'i 199 ba su samu masu nema ko 100 ba ta hanyar JAMB a shekarar da ta gabata, 34 daga ciki kuwa ko mutum ɗaya bai neme su ba. Cunkoson yana wasu 'yan tsirarun jami'o'in gwamnati masu tsohon suna da sauƙin kuɗi, kuma a cikinsu ma yana wasu 'yan kwasa-kwasai: likitanci, aikin jinya, haɗa magunguna, lauya, kimiyyar kwamfuta da wasu rassan injiniya.

Ga ɗalibin kudancin Katsina, jami'ar da ido ke fara kaiwa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, kuma tazararta da Funtuwa ba ta kai kilomita 100 ba. Sai Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A cikin jiha akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, mallakar jihar, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da aka kafa a 2011, da Jami'ar Al-Qalam mai zaman kanta.

Jami'a ba ta da ikon ɗaukar iya adadin da ta ga dama. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta iya ɗauka. A likitanci, hukumar likitoci ta MDCN tana ba kowace kwaleji adadinta, haka nan Majalisar Ilimin Shari'a take yi wa tsangayoyin lauya. Shi ya sa ɗalibi zai cika dukkan sharuɗɗa amma ya rasa: kujerun ne suka ƙare kafin layi ya zo kansa.

Makin JAMB da abin da yake nufi

An kafa JAMB a 1978. Jarabawarta ta UTME darussa huɗu ce, Turanci dole, sauran uku kuma sun danganta da kwas. Jimillar maki 400 ne, kuma tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Sakamakon na shekara ɗaya ne; wanda bai samu gurbi ba sai ya sake zama baɗi.

Alƙaluman hukumar suna nuna inda ɗalibi ya tsaya cikin taro. A 2024, kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka saki sakamakonsu ba su kai maki 200 ba, kuma mutum 8,401 ne kacal suka samu 300 zuwa sama. A sakamakon farko na 2025, cikin mutum fiye da miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, kimanin dubu 12 ne suka kai 300, waɗanda suka samu 250 zuwa sama kuwa ba su cika kashi 5 cikin 100 ba. Daga baya kusan mutum dubu 380 a Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas suka sake jarabawar saboda tangarɗar na'ura da hukumar ta amsa laifinta, lamarin da bai shafi cibiyoyin Katsina ba.

Wurin da ake yawan ruɗewa shi ne mafi ƙarancin maki da ake sanarwa bayan taron shekara-shekara na JAMB da shugabannin makarantu. A 2024 an tsayar da 140 ga jami'o'i, a 2025 aka ɗaga zuwa 150. Wannan iyaka ce da ba a yarda wata jami'a ta sauka ƙasa da ita ba. Kowace jami'a tana da damar sa nata sama da haka, kamar yadda Jami'ar Ibadan da ta Legas suka tsaya a 200, kuma kowane sashe yana da nasa layin a saman na jami'ar. Layin sashe ba a san shi tun farko ba, domin makin mutum na ƙarshe da kujera ta isa gare shi ne ke zama layin wannan shekarar.

WAEC, NECO da tantancewar jami'a

Sharaɗin da aka sani ga kwasa-kwasan kimiyya shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Kwalejojin likitanci da dama zama ɗaya kawai suke karɓa. Wanda ya samu 290 a JAMB amma ya rasa kiredit a Kemistiri, hanyarsa ta likitanci ta toshe a wannan shekarar. Haka ma wanda ya yi kuskuren haɗa darussa: mai son likitanci Bayoloji da Kemistiri da Fiziks zai rubuta tare da Turanci, mai son injiniya kuma Lissafi da Fiziks da Kemistiri.

Bayan JAMB sai tantancewar da jami'a ke yi da kanta, wadda aka fi sani da Post-UTME. An fara ta a 2005, Ministan Ilimi Adamu Adamu ya soke ta a 2016, aka dawo da ita a 2017. Wasu jami'o'in jarabawa suke yi, wasu takardu kawai suke dubawa, kuma kowace da yadda take haɗa maki. Ibadan tana ba JAMB rabi, tantancewarta rabi: mai 280 a JAMB da 70 cikin 100 a tantancewa zai tashi da 35 da 35, wato 70. Legas kuwa tana ba JAMB kashi 50, tantancewa 30, sakamakon sakandare 20, don haka a can bambancin A1 da C6 yana iya raba mutum biyu masu makin JAMB ɗaya.

Akwai kuma shekaru. A 2024 Minista Tahir Mamman ya nemi a tsayar da 18, magajinsa Alausa ya mayar da shi 16, kuma a kan haka ake.

Rabon 45, 35 da 20

Nan ne siyasa ta shigo. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ta raba kujerun kowane kwas gida uku. Kashi 45 na cancanta ne, ana bin maki daga sama ba tare da duba jiha ba. Kashi 35 na jihohin da aka keɓe wa jami'ar a matsayin yankinta. Kashi 20 kuma na jihohi 23 da aka ayyana a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko: dukkan jihohin Arewa 19, da Bayelsa, Kuros Riba, Ebonyi da Ribas. A bisa wannan, ana buƙatar jami'o'in gama-gari su ba kimiyya kashi 60, sauran fannoni 40.

Ɗan Katsina da ya nemi Zariya, Kano ko Dutsinma yana da ƙofa uku ke nan. Idan bai shiga ta cancanta ba, za a duba shi a layin yanki, idan nan ma bai isa ba, a duba shi a layi na uku. Sai dai lissafi yana rage zumuɗi. A ɗauka wani sashe yana da kujera 200: cancanta ta ɗauki 90, yanki 70, jihohin da ke baya 40. Idan aka raba 40 tsakanin jihohi 23, kowace ba ta samu biyu cikakku ba. Layin yankin ma, a jami'a irin ABU, cike yake da 'yan Kaduna da Kano da sauran jihohin Arewa, cikinsu har da waɗanda suka fito daga makarantun kuɗi na Abuja da Kaduna da takardar asalin ƙauyen kakanninsu.

Wannan ya haifar da wani abu da ba a cika lura da shi ba. A jami'ar Kudu, inda 'yan Katsina masu nema kaɗan ne, ɗalibi mai maki mai kyau yana iya shiga ta ƙofar kashi 20 da makin da bai kai na cancanta ba. Abin da ke hana da yawa gwadawa shi ne nisa, tsadar zama da fargabar iyaye.

Ana auna jiha ne da asali, ta takardar shaida daga ƙaramar hukuma, ba da wurin zama ba. Ga Funtuwa wannan ba ƙaramin batu ba ne. Garin ya bunƙasa ne da jirgin ƙasa da cinikin auduga da hatsi, ya tara mutane daga ko'ina. Yara biyu za su tashi a unguwa ɗaya, su zauna aji ɗaya, amma a ranar rabo a jefa su layi dabam-dabam saboda inda kakanninsu suka fito.

Tushen tsarin shi ne ƙa'idar daidaiton wakilci da ke sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999, da daɗaɗɗen giɓin karatun boko tsakanin Arewa da Kudu tun zamanin Turawa. Masu suka suna cewa yana danne mai maki saboda jiharsa, kuma a 2014 Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukunci, a ƙarar da lauya Olisa Agbakoba ya shigar, cewa bambanta maki bisa jiha a shiga makarantun sakandaren tarayya ya saɓa wa kundin. Masu goyon baya suna cewa ba a yin tsere tsakanin wanda ya samu malamin Fiziks shekara uku da wanda bai taɓa ganin ɗakin gwaji ba. Muhawarar ba ta Najeriya kaɗai ba ce: Indiya tana keɓe kujeru ga al'ummomin da aka daɗe ana dannewa, Kotun Ƙolin Amurka kuwa ta haramta duba launin fata a shiga jami'a a watan Yunin 2023.

CAPS, inda ake tuntuɓe

Tun 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, duk gurbi sai ya bi ta manhajar JAMB mai suna CAPS. Jami'a ce ke gabatar da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga ya karɓa ko ya ƙi cikin wa'adi. Jami'o'in da ake rububi waɗanda suka sa su a zaɓin farko suke dubawa. Wanda bai ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB ba, manhajar ba za ta ɗauke shi cikin waɗanda suka cancanta ba, komai makinsa. Duk gurbin da aka bayar a bayan fage kuma haramtacce ne, mai shi yana iya gama karatu ya tarar babu sunansa a kundin JAMB, hukumar NYSC ta ƙi ɗaukarsa hidimar ƙasa.

Dukkan wannan aiki ne na waya da intanet, tun daga lambar NIN da aka wajabta a 2021. A watan Satumban shekarar aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Faskari da Sabuwa. Watanni tara kafin nan, a Disamban 2020, an sace ɗaruruwan ɗalibai a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana. Tsarin rabon kujeru yana ganin Katsina a dunƙule. Ba ya bambanta ɗan Faskari da makarantarsa ta daɗe a rufe da ɗan babban birnin jiha.

Wasu ƙofofin

Ƙofa mafi kusa tana cikin Funtuwa kanta: Makarantar Sharar Fage ta ABU, wato SBRS, wadda aka kafa domin ɗaliban jihohin Arewa. Tana da shirin gyaran darussa ga masu neman aji ɗaya, da shirin IJMB wanda ABU ke kula da jarabawarsa, wanda ke ba mai sakamako mai kyau damar neman shiga aji biyu kai tsaye. Masu takardar NCE ko difloma ma suna bin wannan hanya. Kammala shirin bai tabbatar da kujera ba, musamman a likitanci.

Ƙofa ta biyu ita ce sauya kwas. Noma da koyarwa suna cikin fannonin da masu nema ba su kai kujeru ba, alhali a Samaru ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta ABU take, wadda ke fitar da irin masara da dawa da auduga da ake shukawa a gonakin wannan yanki. JAMB tana ba da damar sauya jami'a ko kwas bayan fitar sakamako. Mai 210 da ya nace wa likitanci a Zariya zai iya asarar shekara, alhali makinsa na iya samar masa kujera a wani sashe ko wata jami'a.

Ta fuskar kuɗi, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, da ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta a manyan makarantun gwamnati tare da Naira 20,000 a wata, bashi ne marar ruwa.

Abin da ya rage a hannun hukuma

Kashi 45 na cancanta shi ne rabo mafi girma, kuma ba a samunsa sai daga ajin sakandare. Yawan malaman Lissafi da Fiziks da Turanci a makarantun gwamnati na Funtuwa da Malumfashi, da kwamfutocin da ɗalibi zai taɓa kafin ranar jarabawa, da biyan kuɗin WAEC da NECO a kan lokaci, duk suna cikin kasafin Gwamnatin Jihar Katsina da Majalisar Dokokinta ke amincewa da shi kowace shekara. Jerin waɗanda aka ɗauka ta kowace ƙofa, da makinsu, yana hannun jami'o'i da JAMB, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman sa a rubuce.