Kifin Kiyawa da danginsa a ɗakunan binciken tsufa

A 1928, wani masanin dabbobi a birnin Berlin mai suna Ernst Ahl ya rubuta bayanin wani ɗan kifi da aka kamo a kogin Kiyawa, wajen Katagum. Sunan kogin ya raɗa masa: kiyawensis.  Kifin bai wuce tsawon yatsa ba, ba mai ɓata gishirinsa a kansa.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda yake rayuwa. Tafkin da yake ciki na damina ne, kafin rani ya yi nisa ya ƙafe ƙaf, kifayen duka su mutu. Amma sun riga sun binne ƙwai a laka. Ƙwan na kwance cikin busasshiyar ƙasa wata da watanni, ɗan tayin ya dakatar da girma, har ruwan farko ya sauka ya ƙyanƙyashe. Shi ya sa a wurare da dama ake cewa da ruwan sama kifi ke faɗowa. Bahaushe ya san gaiwa, wadda ke binne kanta ta jira damina. Wannan kuwa uwa da uba ba sa ganin baɗi, 'ya'ya kawai ke tsallakewa. A 1972 John Wourms na Amurka ya nuna cewa a matakai uku ɗan tayin irin waɗannan kifaye ke iya tsayawa.

Ibadan ma ta taɓa shiga labarin. Stenholt Clausen, ɗan Denmak da ya yi aiki a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ya yi ta bin rafukan kudancin Najeriya da koma, kuma a 1963 ya bayyana wani ɗan wannan dangi da ya kira nigerianum. Aikin su Ahl da Clausen a lokacin tattarawa ne da raɗa suna. A ganina nan muka tsaya a Najeriya: ga jami'a a Dutse, ga wata a Gadau, duk a bakin tafkunan, amma shaharar ta tafi ga wani ɗan uwan kifin can kudancin Afirka.

Shi wancan, a 1968 Richard Furzer da abokin tafiyarsa suka kamo shi a dajin Gonarezhou, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, a 1971 aka ba shi suna furzeri. Shekara 30 da ɗoriya masu kiwon kifin ado ne suka riƙe irinsa, suna aika wa juna ƙwai ta gidan waya cikin ƙunshin ƙasa mai danshi. Sai a 2003 Stefano Valdesalici da Alessandro Cellerino na Italiya suka wallafa cewa a hannunsu kifin bai wuce mako 12 a raye ba.

Mai binciken tsufa jira ne ke cin sa. Ɓera sai ya shekara biyu zuwa uku kafin ya mutu, ɗalibi na iya gama digiri bai ga ƙarshen gwaji biyu ba. Ga kifi mai ƙashin baya, da jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke tsufa cikin watanni: launinsa ya dusashe, bayansa ya rankwafa, koyo ya yi masa wuya. A daji an ga ya balaga cikin kwana 14. A Disamban 2015 ayarin masana biyu, ɗaya a Jena ta Jamus, ɗaya a Jami'ar Stanford ƙarƙashin Anne Brunet, suka fitar da taswirar ƙwayoyin gadonsa.

A 2017, a Cologne, Dario Valenzano da mutanensa suka wanke hanjin kifayen furzeri masu matsakaicin shekaru da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan suka bar su suka haɗiyi abin da ke cikin hanjin ƙananan kifaye. Waɗanda suka samu ƙwayoyin hanjin ƙananan kifayen sun fi 'yan uwansu daɗewa, kuma da suka tsufa sun fi su kuzarin iyo. A kifi aka gwada, kada wani mai maganin ƙarfi ya ɗauka an ba shi fatawa.