Asibitin Noma na Sakkwato da Tarihin Tiyatar Gyaran Fuska

Noma cuta ce da ke farawa da kumburin dasashi, sannan cikin 'yan kwanaki ta ci naman kumatu da leɓe da hanci, wani lokaci har da ƙashin muƙamuƙi, kuma ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ko ƙyanda ta riga ta raunana. A shekarar 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 140,000 ne ke kamuwa da ita duk shekara, tara cikin goma kuma sukan mutu idan ba su sami magani ba. Wanda ya rayu yakan tashi da rami a fuska, haƙora a waje, yawu yana zuba, sau da yawa kuma tabon yakan ɗaure muƙamuƙi har bakin ya kasa buɗuwa, sai a riƙa ɗura masa kunu ta gefe.

Binciken likitanci kan gyaran irin wannan fuska a Nijeriya ya fara ƙarfi ne a asibitin koyarwa na Ibadan, inda likitan tiyata Michael Tempest ya wallafa bayani kan yara 250 a 1966. A arewa kuwa, ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan ta buɗe cibiya a Damagaram ta Jamhuriyar Nijar a 1992, sannan daga 1996 tawagogin likitocin Turai suka fara zuwa Sakkwato da tallafin gidauniyar AWD ta Jamus, aikin da ya kai ga buɗe Asibitin Yara Masu Noma a 1999.

Tiyatar kanta ta ginu ne a kan ɗauko fata tare da jijiyar jinin da ke ciyar da ita daga goshi, ƙirji ko ƙarƙashin haɓa, a juyo ta a rufe ramin ciki da waje, bayan an yanke tabon da ya ɗaure muƙamuƙi. Da yake ba a samun fuska biyu da cutar ta ci iri ɗaya, Klaas Marck na ƙasar Holan da abokan aikinsa suka tsara ma'aunin NOITULP, wanda ke ba da maki ga ɓarnar hanci, da bayan kumatu da cikinsa, da leɓen sama da na ƙasa, da ƙagewar baki, domin likitoci su iya kwatanta sakamakon aikinsu. Bibiyar marasa lafiya ta kuma nuna cewa bakin da aka buɗe yakan sake ƙagewa muddin ba a dage da motsa shi ba bayan sallama.

Babbar matsalar ita ce ƙidaya, domin yawancin yaran a ƙauye suke mutuwa ba tare da an rubuta su ba. A 2003 masu bincike suka kwatanta yawan masu noma da suka zo Sakkwato da na waɗanda aka haifa da tsagaggen leɓe, wanda an riga an san yawan faruwarsa, suka ƙiyasta yara 6.4 cikin kowane 1,000 a arewa maso yamma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga aikin asibitin a 2014, kuma hujjojin da aka tara sun ƙarfafa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin cututtukan da aka yi sakaci da su ranar 15 ga Disamba 2023.

Sai dai tiyata ta waɗanda suka rayu ce, kuma tafiya daga ƙauye irin Betso a ƙasar Mubi zuwa Sakkwato ta fi ƙarfin magidanci talaka. Abin da ya kawar da noma daga Turai shi ne wadatar abinci da tsafta, kuma a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita a ƙaramin asibitin gunduma.