Seydou Keïta da Masu Zama Gaban Kyamararsa

A shekarar 1948 wani ɗan kafinta mai suna Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hoto a tsakar gidansu da ke unguwar Bamako-Coura, bayan babban gidan yarin Bamako. Lokacin ƙasar ba ta zama Mali ba, Sudan ta Faransa ake ce mata. Kyamarar da ya fara riƙewa, Kodak Brownie, tsaraba ce da kawunsa ya kawo daga Senegal a 1935. Sauran sana'ar a wurin na gaba da shi ya tsince ta, irin su Mountaga Dembélé. Wurin kuwa ya yi masa rana: tashar jirgin ƙasa mai zuwa Dakar ba nisa, kasuwa ma haka, don haka baƙo da ɗan gari duk suna biyowa ta ƙofarsa.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikinsa shi ne abin da ke faruwa kafin ya danna kyamara. Fim ɗin da yake amfani da shi falle-falle ne, santimita 13 da 18, ga tsada, shi ya sa yawanci sau ɗaya tak yake ɗaukar mutum. Babu zancen a ɗauki hamsin a zaɓi guda, yadda masu wayar hannu ke yi yanzu. In mutum ya ƙifta ido ko ya motsa, asara ta hau kan mai hoto. Saboda haka duk gumin yana wajen zaunar da mutum: ina zai sa hannu, ina zai karkata kai, ta ina hasken rana zai sauka a kumatunsa, don ya fi son hasken tsakar gida a kan na fitila.

Akwai hoton wata mata da ta kishingiɗa a kan bargo mai zanen dara, ta tokare kai da hannu, rigarta mai furanni, labulen bayanta shi ma cike da zane. A ƙa'ida ya kamata zane uku su yi faɗa da juna, fuskar ta ɓace. Ba ta ɓace ba. Mai hoton ya baza rigar yadda ta kwanta luf, ya fito da hannun fili, ya bar fuskar ita kaɗai ba kwalliyar zane, sai ido ya tafi can kai tsaye. Duba hannayen mata a hotunansa, da wuya ka ga ya bari an ɓoye su cikin zani. Zobe, awarwaro, dogayen yatsu, duk sai sun fito, domin matar da ta ci ado ta biya kuɗi ba ta zo a rufe mata dukiyarta ba.

Wanda bai zo da kayan ado ba, akwai na aro. Keïta yana ajiye kwat da malafa, agogo, alƙalami, tabarau, furen roba, rediyo, tarho, keke da babur Vespa, daga baya har motarsa ta shiga hoto. A bango ya manna hotunan waɗanda suka riga suka zo, mutum ya nuna wanda yake so, ya ce a yi masa irin wannan tsayuwar. Na sha jin masu cewa ai wannan ƙarya ce, talaka ya jingina da rediyon da ba nasa ba. Ban yarda ba. Kowa a Bamako ya san rediyon na mai hoto ne, tunda ya gan shi a hoton maƙwabcinsa. Wa ake yaudara? Wani saurayi a cikin hotunan, mai farar kwat da tabarau, alƙalami a aljihun gaba, fure a hannu, burinsa ya sa aka ɗauka, ya aika ƙauye ko ya ba budurwa. Wanda ya taɓa buɗe tsohon albam ɗin iyayensa a Kano ko Damagaram ya san wannan tsayuwar.

A tuna kuma da irin hotunan da Turawan mulkin mallaka suka saba bugawa a katin gidan waya: a tsayar da mutum ƙiƙam, a ɗauke shi ta gaba, a ɗauke shi ta gefe, a rubuta sunan ƙabilarsa a ƙasa, ba a tambaye shi ko yana so ba. A tsakar gidan Keïta wanda ke zaune shi ne mai kuɗin, shi ake lallashi. Ya kan ɗan karkatar da mutum, kafaɗa ɗaya gaba, yadda zai fito da kwarjini. In hoto bai yi kyau ba ciniki ya mutu, domin labari ba ya kwana a Bamako.

Mali ta sami 'yancin kai a 1960. A 1962 gwamnatin Modibo Keïta ta ɗauki Seydou a matsayin mai hoton hukumar tsaro, ba da jimawa ba ya rufe shagon, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya a 1977. Dubban nagetif ɗinsa suka zauna a ajiye a gida.

A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje kolin fasahar Afirka a New York, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukarsu ba. Attajirin nan mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gani, ya tura André Magnin Bamako neman mai su. Wani mai ɗaukar hoto, Malick Sidibé, wanda a lokacin shagonsa ke unguwar Bagadadji, shi ya duba ya ce aikin Keïta ne. A 1994 Fondation Cartier ta baje hotunansa a Paris, kuma daga nan aka shiga wanke su manya-manya, hoton da aka yi don a riƙe a tafin hannu ya koma cika bango. A Paris Keïta ya rasu a 2001.

Sunansa ya dawo, na mutanen da ya zaunar kuwa mafi yawa sun tafi, don bai riƙa rubuta sunan abokan cinikinsa ba, kuma babu dalilin da zai sa ya rubuta. Ko shekarun hotunan ma da labule ya riƙa gane su, saboda yana sauya shi bayan 'yan shekaru. In ka ga zanin gado mai geza a bayan mutum, hoton na farkon buɗe shago ne, lokacin da zanin gadonsa na kwana yake cirewa ya rataya.