Yadda Madara Ta Ja Kyanwa Zuwa Ga Cakulan

Cakulan ya yi shekaru aru-aru a duniya ba ruwan kyanwa da shi. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko niƙa 'ya'yan koko suke yi, su dama da ruwa, su barbaɗa barkono, su sha da ɗacinsa. Har kuɗi suka mayar da 'ya'yan, ana ciniki da su a kasuwa. Sifaniyawa suka kai abin Turai a ƙarni na 16, suka zuba masa sukari, attajirai suka rungume shi.

Sukarin ma bai ɗaɗa mage da ƙasa ba. Sai a 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka gano dalili: ɗaya daga ƙwayoyin halittar da ke sa harshe ya ji zaƙi ba ta aiki a jikin kyanwa, haka ma damisa. Ko zuma aka lasa mata, ba ta san an yi ba.

Matsalar ta taso ne daga masana'anta. A 1847 kamfanin Fry na birnin Biristol a Ingila ya fito da cakulan mai ƙarfi wanda ake gatsa, ba sai an dama ba. A 1875 kuma Daniel Peter, a garin Vevey na Suwizalan, ya yi nasarar haɗa shi da madara, yana cin moriyar fasahar maƙwabcinsa Henri Nestlé. Daga nan abin ya sami ƙamshin madara da maiƙo, su kuwa kyanwa ba ta buƙatar a koya mata son su. Ga shi ya yi araha, ya bar teburin masu hali ya koma hannun yara, ana yar da ɓurɓushinsa a tsakar ɗaki.

Shi sinadarin cikin cakulan da ke zama dafi ga kyanwa an riga an san shi. Tun 1841 masanin kimiyya ɗan Rasha, Aleksandr Voskresensky, ya tace sinadarin tiyoburomin daga 'ya'yan koko. Sunan ya samo asali ne daga wanda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa bishiyar koko a 1753, ma'anarsa da Girkanci abincin alloli. Mai cin goro ma ya saba da shi bai sani ba, domin goro da koko dangi ne, kuma akwai ɗan sinadarin a cikin goro.

Hantar mutum takan narkar da tiyoburomin cikin 'yan sa'o'i. A jikin kyanwa da kare yakan daɗe yana zagayawa, yana zaburar da zuciya da jijiyoyi. Amai da gudawa ke fara zuwa, sai ƙishirwa da rashin natsuwa, sai makyarkyata, in abin ya yi yawa har farfaɗiya da mutuwa. Baƙin cakulan da garin koko zalla sun ninka na madara dafi nesa ba kusa ba, fari kuwa kusan babu dafin a cikinsa.

Karnuka ne aka fi kaiwa asibitin dabbobi saboda haɗamarsu, amma 'yar kyanwa mai wata biyu da ƙyar take kai kilo ɗaya, don haka gutsuren da yaro zai haɗiye bai ji ba yana iya kayar da ita. Babu maƙarin wannan dafi har yau. Likita yakan sa ta amai in an kawo ta da wuri, ya ba ta gawayin asibiti, ya ɗaura mata ruwa, ya zauna yana sauraren bugun zuciyarta.