Daga Bakin Rumbu Zuwa Falo: Zaman Kyanwa a Birnin Shehu

Aiki ne ya kawo kyanwa gidan ɗan Adam. Da mutane suka fara tara hatsi sai ɓera ya biyo hatsin, kyanwar daji kuma ta biyo ɓeran. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500, aka tarar da ƙasusuwan mutum da na kyanwa gab da juna. Musulunci ya zo ya ƙara mata daraja. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an nuna cewa ruwan da ta sha ta rage ba najasa ba ne. Sarki Baibaras, wanda ya mulki Misira daga 1260 zuwa 1277, har lambu ya yi waƙafinsa a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

Da wannan fahimtar aka zauna da ita a Sakkwato tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809. Gari ne na rumbuna da littattafai, ɓera kuwa ba ya barin gero, ba ya barin takarda ko gafaka. Don haka a tsofaffin shiyoyi irin su Kanwuri, Gidaɗawa da Sabon Birni, da wuya ka shiga gida ba ka ga mussa kwance a gindin randa tana shan sanyi ba. Ba a sayen ta, kyauta ake bayarwa. Ba a kuma ɗaure ta. Ta ci sauran tuwo, ta lashi ƙwaryar nono, dare ya yi ta hau katanga ta tafi harkarta.

A irin wannan gida na tashi, wurin kakata Inna. Faɗan muzurai ba baƙon abu ba ne a can, musamman idan wata kyanwa a shiyar tana neman barbara. Sai ka ji kuka bisa soro cikin dare, amma da wuya ka ga wanda ya kwanta jinya. In suka sarƙe a tsakar gida, Inna takan watsa masu ruwa ta ce mini: "Ɗan nan, kada ka sa hannu, buɗe masu hanya kawai." Hikimar ke nan. Asalin kyanwa dabbar kaɗaici ce, kowace na shata yankinta da fitsari da goga kumatu a bango. Wanda aka fi ƙarfi ba ya neman ramuwa, mafita yake nema, ginin ƙasa kuwa cike yake da mafita: katanga, rufin ɗaki, bayan rumbu, lungun maƙwabta.

Al'adar ba ta rasa aibi. Akan zuba 'ya'yan kyanwa a buhu a kai su bayan gari a yar. Baƙar kyanwa ta sha jifa saboda camfin maita da aljanu. Muzurun da ya taɓa ɗan tsako kuwa ba a karɓar tubansa, shi ya sa har yau ake cewa tuban muzuru.

Bayan zuwan Turawa a 1903 gari ya fara fita bayan ganuwa. Ya ƙara buɗewa da ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976. A Sama Road, inda nake zaune yanzu, gidajen siminti ne, tagogi da raga, ƙofofi a rufe saboda sauro da na'urar sanyaya ɗaki. Rumbu ya koma sito. Kyanwa ta zama abin sha'awa, matasa na sayen masu dogon gashi ta Facebook da WhatsApp, a tara biyu ko uku a falo ɗaya, kwano ɗaya, wurin kashi ɗaya. Wanda aka kora ba shi da inda zai nufa, dole ya tsaya ya yi faɗa. Na ga muzurun maƙwabcina da kunci a kumbure yana zubar da mugunya, yaran gidan kuma suna dukan abokin faɗansa wai don ya daina mugunta. Duka ba ya ƙara masa komai sai tsoro, tsoro kuwa shi ke sa cizo.

Cizon kyanwa ba abin wasa ba ne. Haƙoranta sirara ne, suna cusa ƙwayoyin cuta can ciki, sai fata ta rufe a kansu. Ta cizo ne cutar FIV mai karya garkuwar jikin kyanwa, wadda aka gano a Amurka a 1986, ke yaɗuwa tsakanin muzurai. Ta nan ma ciwon haukan kare ke iya kama mutum.

Maganin shi ne a haɗa hikimar da da ilimin yau. Kowace kyanwa a ba ta kwanonta, wurin kashinta da wani tudu da za ta hau ta ɓuya. Sabuwa a ware ta a wani ɗaki, su saba da ƙanshin juna kafin su haɗu. Muzuru kuma a yi masa fiɗiya: binciken Hart da Barrett na 1973 ya nuna faɗa ya ragu a kusan tara cikin goma na waɗanda aka yi wa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi a nan cikin gari, ga kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu, inda ake yin wannan aiki da allurar rigakafi.

Jama'ar Sama Road da sauran sababbin unguwanni, duk wanda ya rufe ƙofa a kan kyanwa ya ɗauki amanarta. In ba za ka iya ba ta fili da abinci da magani ba, kada ka ƙaro ta biyu.