Desibel

Desibel, mai alamar dB, ma'auni ne da ke nuna sau nawa wani ƙarfi ya ninka wani, ko ya gaza shi. Mita da kilo suna da tsayayyen adadi, shi kuwa desibel kwatanci ne tsakanin abu biyu. Saboda haka ba a juya wat ko bolt zuwa desibel sai an san adadin da aka ɗauka a matsayin mafari. Ana amfani da shi wajen auna ƙara, siginar waya da ta rediyo, da aikin na'urorin lantarki.

Asali

Injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka ne suka fito da ma'aunin a 1924, domin auna yadda murya ke raunana a doguwar wayar tarho. A 1928 aka raɗa masa suna desibel, wato kashi ɗaya cikin goma na bel, don tunawa da Alexander Graham Bell.

Yadda ake juyawa

Idan ƙarfi ake aunawa, kamar wat, sai a raba adadin da mafarinsa, a ɗauki logaridim mai tushe 10 na abin da ya fito, a ninka da 10:

dB = 10 × log(P ÷ P₀)

Idan kuwa bolt ne ko matsin sauti a iska, da 20 ake ninkawa, domin ƙarfi yana bin waɗannan adadi ne bayan an ninka su da kansu. A aikace, ƙarin dB 3 na nufin ƙarfi ya ninka biyu, ƙarin 10 ya ninka goma, ƙarin 20 kuma ɗari.

A sauti, mafarin shi ne maikirofaskal 20, kusan ƙaramar ƙarar da lafiyayyen kunne ke iya ji. Matsin faskal 1 yana daidai da dB 94. A harkar sadarwa ana amfani da dBm, wanda mafarinsa miliwat 1 ne, don haka dBm 30 wat 1 ne cif. Siginar da ke isa wayar hannu ba ta kai miliwat ba, shi ya sa lambarta ke zuwa da alamar ragi. A misali, idan waya ta nuna −75 kusa da turken sadarwa a Birnin Kudu, ta kuma nuna −105 a wata gona da ke Sundimina, ƙarfin ya ragu sau dubu ke nan, duk da cewa 30 kawai ke tsakanin lambobin.

Kuskuren da aka fi yi

Ba a tara desibel kamar yadda ake tara mudun gero. Janareta biyu masu ƙarar dB 80 kowanne, in an kunna su tare, wajen 83 suke bayarwa, ba 160 ba. Sai an mayar da kowace lamba zuwa ƙarfinta na asali, a tara, sannan a sake juyawa. A fili kuma, duk lokacin da nisa daga injin ya ninka biyu, ƙarar na sauka da wajen dB 6.

Lafiyar kunne

Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata da yawa ke bi ita ce kada a wuce awa 8 cikin ƙarar dB 85. A 88 lokacin ya koma awa 4, a 91 awa 2. Wannan ya shafi masu injin niƙa da maƙera da masu zama dab da lasifika a wurin biki, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. A Najeriya, hukumar NESREA ce ke kula da dokar ƙayyade ƙara ta 2009.