Daga Tawadar Mai Kwafa Zuwa Buɗaɗɗen Lasisi

Kafin injin ɗab'i ya iso ƙasar Hausa, littafi ba ya yaɗuwa sai ta hannun mai kwafa. Almajiri kan ari Risala ko Ishiriniya a wurin malaminsa, ya zauna da tawada da alƙalamin kara ya kwafe ta baƙi bayan baƙi, a ƙarshe ya rubuta sunansa ya roƙi mai karatu addu'a. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. Hasali ma ba a tsaya ga kwafa kaɗai ba. Wani malami ya yi wa littafin sharhi, wani ya cika gefen shafi da bayani cikin ajami, wani kuma ya ɗauki waƙar magabaci ya yi mata tahamisi. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta ishe mu misali: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a kan waƙa ɗaya, kuma har yau mun san aikin kowa, domin sharaɗin da al'adar ta gindaya shi ne kada a ɓoye sunan mai abu.

Wata hanyar daban Turai ta bi. A shekarar 1710 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba mawallafi ikon hana a buga littafinsa har shekara 14, da damar sabuntawa sau ɗaya idan yana raye. A 1886 aka ƙulla yarjejeniyar Bern tsakanin ƙasashe, sannan gyaran da aka yi mata a 1908 ya kawar da buƙatar yin rajista. Wannan gyara, a ganinmu, shi ne ya juya al'amarin baki ɗaya. Daga nan duk abin da mutum ya rubuta ya zama a kulle tun daga ranar da ya ajiye alƙalami, ko ya nemi hakan ko bai nema ba. Shirunsa ma hani ne. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar a 1993, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kamar wadda ta gada ta 1988, tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa.

Ba mu ce dokar ba ta da rana ba. Duk wanda ya ga yadda masu buga littattafan bogi ke cinye gumin marubuta a kasuwanninmu ya san amfaninta. Sai dai a dubi Magana Jari Ce. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa da sauran taskokin da ba su da mai gadi, ya sa musu rigar Hausa har suka zama namu. Ya rasu a 1981. Idan aka bi lissafin shekara 70, sai bayan 2051 malamin firamare zai iya sauƙaƙa labari ɗaya daga ciki ya raba wa ɗalibansa a matsayin littafi ba tare da neman izini ba. Wannan ma littafi ne da ake ci gaba da bugawa. Abin da ya fi ciwo shi ne tarin littattafan zamanin Hukumar NORLA da na bayanta waɗanda suka ɓace daga kanti, ba a sake buga su ba, ba kuma a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba. Mu da muke koyar da Hausa nesa da Zariya da Kano mun fi kowa sanin haka, domin sau da yawa kwafi ɗaya tilo, wanda ya sha hannu har ya koɗe, shi ne abin da aji guda ke dogaro da shi.

Maganin bai fito daga malaman adabi ba, daga masu kwamfuta ya fito. A 1989 Richard Stallman ya fitar da lasisin GPL, wanda ya yi amfani da dokar kanta wajen buɗe abin da ta kulle: mai aiki yana riƙe da haƙƙinsa, amma ya rubuta izini tun da wuri ga kowa da kowa. David Wiley ya ɗauko dabarar zuwa kayan karatu a 1998. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar za ta sa darussanta a intanet kyauta, a shekarar kuma aka kafa Creative Commons, wadda ta fitar da lasisinta na farko a Disambar 2002. Hukumar UNESCO ta raɗa wa irin waɗannan kaya sunan buɗaɗɗun kayan ilimi a wani taro a Faris a 2002, ƙasashen da ke cikinta kuma suka amince da shawarar bunƙasa su a 2019.

Lasisin Creative Commons iri shida ne, kuma dukansu sun wajabta a ambaci sunan mai aikin, wato dai sharaɗin nan na malamanmu na dā. Bambancinsu yana ga ƙarin sharuɗɗa. Wani ya hana ciniki da aikin, wani ya ce duk wanda ya gyara shi ya saki nasa a kan lasisi iri ɗaya, wanda shi ne tsarin da Wikipedia ta Hausa ke kai. Akwai kuma wanda ya hana a yaɗa aikin idan an sauya masa kama, kuma a nan ne ya kamata mai harshe irin namu ya buɗe ido. Fassara sauyi ce a idon doka. Littafin kimiyya da aka saki da wannan sharaɗi ana iya kwafarsa dubu a raba, amma ba a iya mayar da shi Hausa a raba wa yara sai an koma neman izini. Shi ya sa shirin African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2014, ya ɗauki lasisin da ya yarda da fassara da gyara, ta yadda labarin da aka rubuta da Zulu ko Luganda malama a Sabon Garin Ibadan za ta iya mayar da shi Hausa, ta sauya sunayen yaran da abincin da ke ciki, ta buga wa ajinta.